HAƘƘIN MA'AIKACIN DA YA JI RAUNI A BAKIN AIKI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya yi masa baiwar gaɓoɓi domin ya nemi halalinsa da su, Ya kuma haramta zalunci a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, filin wannan mako zai yi magana ne a kan wani al'amari wanda kusan kullum yana aukuwa a garuruwan ƙasar nan, amma ba safai akan ji shi a bakin masu wa'azi ba, watau haƙƙin ma'aikacin da ya ji rauni, ko ya naƙasa, ko ya rasa ransa a bakin aikin wani.

Ga misali, lebura ne ya baro ƙauyensu bayan an gama kaka, ya shigo birni cin rani, ya sami aikin ɗaukar kwanon kankare a wani bene da ake ginawa. Tsanin da ake hawa na katako ne wanda ya sha ruwa ya sha rana, an kuwa gaya wa ɗan kwangila ya fi a ƙirga cewa ya ruɓe, shi kuwa ya ce a lallaɓa da shi har a gama zuba kankaren sama. Ran nan tsani ya karye, bawan Allah ya faɗo, ƙugunsa ya karye. Abokan aikinsa suka ɗauke shi a cikin a-kori-kura zuwa asibiti. Ɗan kwangila ya zo ya biya kuɗin kati da allurar ranar farko, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai haƙuri, malam, ƙaddara ce, Allah Ya sawwaƙe." Kashegari aka ɗauki wani a madadinsa. Bayan mako biyu ɗan abin da ya tara ya ƙare, aka mayar da shi gida wajen mai ɗori. Damina ta sauka, gonarsa babu mai nomawa, ga mata ga 'ya'ya sun zuba masa ido.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne ga wanda ya san wuraren gine-gine, da gidajen niƙa, da garejin makanikai, da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Wani bel ɗin inji ne ya fizge masa yatsu, wani tartsatsin walda ya kashe masa ido, wani kuma guba ce ta majema ko ƙurar dutse ta ci masa huhu a hankali. Wani lokaci abin yakan zo da yawa gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a watan Nuwamba na 2021 sa'ad da wani dogon bene da ake ginawa ya rushe a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka rasu, da yawansu ma'aikata ne masu neman abin sawa a baka. To, shin kalmar "ƙaddara ce" ta isa ta sauke nauyin da ke wuyan mai aikin? Ko kuwa akwai wani haƙƙi da ya rage, wanda in ba a biya shi a nan ba za a biya shi a gobe ƙiyama?

MATSAYIN ƊAN ƘWADAGO

Musulunci bai ɗauki ɗan ƙwadago kamar gatari ko jaki ba, wanda in ya lalace sai a yar a nemi wani. A cikin Suratul Ƙasas Allah Ya ba da labarin yadda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa (amincin Allah ya tabbata a gare shi) aikin shekara 8, in ya cika 10 kuwa don kansa ne. Abin lura a wannan ƙissa shi ne an bayyana wa'adi, an bayyana lada, sa'an nan mai ɗaukar aikin ya faɗa da bakinsa cewa ba ya nufin ya tsananta masa. Wannan shi ne tushen jinga a shari'a: bayani a fili, da nisantar ƙuntatawa.

Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Zarri cewa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya kira masu yi wa mutum hidima 'yan'uwansa waɗanda Allah Ya sa a ƙarƙashin hannunsa, ya yi umarni a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora musu to a taimake su. A wani hadisin kuma ya yi umarni cewa in bara ya dafa abinci ya kawo, a zaunar da shi ya ci, ko a ɗiba masa, saboda shi ne ya sha zafin wuta da hayaƙinta. Idan har zafin murhu da hayaƙi sun wajabta wa mai aiki wani rabo a kan ladansa, ina ga hannun da inji ya cinye?

Har ila yau Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa akwai mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cif-cif, sa'an nan ya hana shi ladansa. Wanda Allah Ya zama abokin shari'arsa kuwa, babu lauyan da zai fisshe shi.

ƘADDARA DA SAKACI

Imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, ginshiƙi ne na imani, babu Musulmin da zai yi jayayya a kan haka. Wanda ya ji rauni yana samun sanyin zuciya idan ya tuna cewa abin da ya same shi ba zai taɓa kuskure masa ba, kuma hadisi ya yi masa bushara cewa ko ƙaya ce ta soki mumini Allah Yana kankare masa zunubi da ita. Amma fa wannan magana ta wanda abin ya shafa ce, da ita yake rarrashin kansa. Wanda ya yi sakaci ba shi da ikon ya ɗauke ta ya mayar da ita garkuwa.

Hujjar wannan a fili take. Duk kisan kuskure da aka taɓa yi a duniya da ƙaddarar Allah aka yi shi, duk da haka a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i Allah Ya wajabta kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, da diyya wadda za a miƙa wa iyalan mamacin, sai fa in su ne suka yafe don kansu. Da a ce ƙaddara tana sauke lamuni, da ba a saukar da wannan hukunci ba. Ɗan kwangilar da ya ce wa lebura ƙaddara ce, shin in mai gadinsa ya yi barci aka kwashe buhunan siminti, zai karɓi wannan kalma daga bakinsa?

Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi (Allah Ya yarda da shi) ya nufi ƙasar Sham, aka tarye shi da labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Haka kuma Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya yi tawakkali. Ɗaure raƙumi a wajen mai masana'anta shi ne ya rufe bakin inji da marfinsa, ya sauya tsanin da ya ruɓe, ya ba ma'aikata hular kwano da safar hannu da tabarau, ya koya wa sabon yaro aiki kafin ya sa shi a kan inji, kada kuma ya kulle ƙofa da dare ma'aikata suna ciki. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi diyya arha.

ABIN DA LITTATTAFAN FIƘIHU SUKA TANADA

Duk wanda ya zauna a zauren malam ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya wuce ta kan babin jini da haddi, ya ga yadda shari'a ta yi wa kowace gaɓa ƙima. Diyyar rai raƙuma 100 ce ga ma'abota raƙuma, dinari 1,000 ga ma'abota zinariya, dirhami 12,000 ga ma'abota azurfa. Hannu biyu cikakkiyar diyya ce, ɗaya kuwa rabi, haka ƙafa, haka ido. Gushewar ji, ko gushewar hankali, ko karyewar gadon baya, kowannensu cikakkiyar diyya ce. Kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori raƙuma 5, rotsin da ya bayyana ƙashin kai raƙuma 5. Asalin mafi yawan waɗannan ƙididdiga yana cikin takardar da Annabi ya rubuta wa Amru ɗan Hazmi, wadda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa. Raunin da ba a yanka masa adadi ba kuwa, masana ne suke dubawa su ƙiyasta gwargwadon naƙasar da ya bari. Malamai sun kuma ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, domin a ga iyakar ɓarnar da ya yi. Wannan shi ne abin da likitoci suke yi a yau sa'ad da suke auna yawan naƙasar ma'aikaci.

Akwai wata hikima kuma. Shari'a ta san diyyar kuskure ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ta ɗora ta a kan aƙila, watau dangin mai laifin na wajen uba, su haɗu su biya a cikin shekara 3. A mazhabar Malikiyya aƙila tana ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya ko ya fi, abin da bai kai ba kuwa yana cikin dukiyar wanda ya yi ɓarnar. Da zamani ya sauya, Sayyadina Umar ya kafa diwani, aka mayar da wannan nauyi a kan waɗanda sunayensu suke a littafi ɗaya. Manufar dai guda ce, kada jinin mutum ya tafi a banza, kada kuma biyan ya karya mutum ɗaya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, a nan wani mai karatu zai ce ai akwai hadisi ingantacce da ya nuna babu lamuni a kan abin da dabba ta ɓata, ko rijiya, ko ramin ma'adini. Gaskiya ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslimu, malamai kuma sun fassara shi da cewa wanda ya ɗauki mutum haƙar rijiya ko ma'adini, ramin ya rufta masa ba tare da wani laifi na mai aikin ba, babu diyya a kansa. Ba daidai ba ne a ɓoye wannan. Amma Imamu Malik ɗin da ya ruwaito hadisin shi ne ya bayyana cewa wanda ya haƙa rijiya a hanyar Musulmi inda bai halatta ya haƙa ba, ya lamunce abin da ta halaka, haka kuma mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta suna lamunce abin da ta taka. Watau sassaucin yana ga wanda bai yi sakaci ba, bai kuma ƙetare iyaka ba. Wanda aka gaya masa tsani ya ruɓe ya ce a hau, ya fita daga inuwar wannan hadisi.

Inda babu sakacin kowa ma, ƙofa ba ta rufe ba. Da fari akwai sharaɗi, domin ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alkawura, duk abin da aka ƙulla aiki a kansa ya zama wajibi. Na biyu akwai ikon shugaba ya kafa doka saboda maslahar jama'a, wannan kuwa babi ne sananne a wajen Malikiyya, da shi ne aka lamuntar da masu sana'a kayan da mutane suka ba su. Na uku akwai haƙƙin gajiyayye a Baitulmali. Alƙali Abu Yusufa ya kawo a Kitabul Haraji cewa a yarjejeniyar da Halidu ɗan Walidu ya yi da mutanen Hira, an rubuta cewa wanda tsufa ya hana shi aiki ko wata musiba ta same shi, a ɗauke masa jiziya a kuma ciyar da shi da iyalinsa daga Baitulmali. Waɗannan mutane kuwa Kirista ne.

DOKAR ƘASA

Ƙasar Jamus ta kafa dokar inshorar haɗarin aiki a 1884, Ingila ta yi tata dokar diyyar ma'aikata a 1897. A Nijeriya an fara irin wannan doka tun zamanin mulkin Turawa, aka sabunta ta a 1987, sa'an nan a watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Diyyar Ma'aikata wadda ta soke ta 1987. An danƙa gudanar da ita ga hukumar asusun inshorar ma'aikata ta ƙasa, wadda aka fi sani da NSITF.

Ga yadda dokar ta 2010 ta tsara al'amarin. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, na gwamnati ne ko mai zaman kansa, zai riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata cikin asusu guda. An hana shi ya cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci, an kuma hana a ƙulla yarjejeniya da ma'aikaci cewa ya yafe haƙƙinsa na diyya. Ma'aikaci a wannan doka ya haɗa da na dindindin, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da ɗan aikin gida wanda ba ɗan gidan ba ne, ko da baki aka ƙulla aikin ko a rubuce. Sojoji ne aka keɓe. Ba a bukatar ma'aikaci ya tabbatar da laifin ubangidansa, abin da ake dubawa shi ne raunin ya auku a cikin aiki ko ta dalilin aiki. Dokar ta haɗa da cututtukan da sana'a take jawowa, da kurumcewa saboda ƙarar inji, da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki.

Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, dokar ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata, ban da magani da taimakon komawa sana'a. Idan rasuwa aka yi, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana da kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin a wata, mai ɗa guda kuwa kashi 85.

Sai dai akwai wa'adi, a nan ne kuwa talaka yake yawan yin hasara, domin rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa in ya rasu, zai sanar da mai aikin a cikin kwana 14. Mai aikin zai kai rahoto ga hukumar a cikin kwana 7, in rasuwa ce kuwa nan take. Takardar neman diyya za a shigar da ita a cikin shekara 1, in akwai uzuri na musamman hukumar tana iya karɓa har zuwa shekara 3. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

SHIN KUƊIN HALAL NE?

Akwai bayin Allah masu tsantseni waɗanda da zarar sun ji kalmar inshora sai su ja da baya. Tsantseninsu abin yabo ne, amma yana bukatar bayani. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda yawan garari da ke cikinta, ta kuma halatta inshorar taimakon juna wadda aka gina a kan kyauta da haɗin kai. Asusun da hukuma ta kafa don ma'aikata, ba don neman riba ba, wanda ma'aikaci ba ya zuba ko kwabo a cikinsa, ya fi kusa da tsarin aƙila da na Baitulmali, shi ya sa malamai da yawa na wannan zamani suka halatta shi. Annabi ya yabi Ash'ariyawa saboda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai. Saboda haka magidancin da ya naƙasa bai kamata ya bar 'ya'yansa da yunwa ba alhali ga haƙƙinsa a ajiye. Neman haƙƙi ba ya warware haƙuri, ba ya kuma rage ladan musiba.

Mai masana'antar da ya ƙi yin rajista, ko ya ɓoye yawan ma'aikatansa, ko ya danne rahoton haɗari don kada a san halin da injinansa suke ciki, ya haɗa saɓon doka da cin amana. Jami'in da ya ajiye fayil ɗin gurgu a ƙarƙashin tebur yana jiran na goro, ya sani hadisi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, ya kuma kira jinkirin mai hali wajen biyan haƙƙi zalunci. Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi.

NAUYIN DA KE KAN MA'AIKACI DA IYALINSA

Adalci ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya. Ma'aikacin da aka ba shi hular kwano ya rataye, ko ya hau inji a buge da ƙwaya, ya zalunci kansa da abokan aikinsa, Allah kuwa Ya hana mutum ya jefa kansa cikin halaka. Wanda ya ji ciwo a wajen ƙwallo ko a wata sabga tasa, ya zo ya ce a bakin aiki ne, da likitan da ya rubuta masa takardar ƙarya, da abokin da ya tsaya masa shaidar zur, duk sun yi tarayya a cin haram, abin da suka ci kuwa rabon wani gurgu ne na gaskiya. Ummu Salama ta ruwaito gargaɗin Annabi cewa wanda ya fi abokin shari'arsa iya magana har aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa.

Mai gaskiya kuwa sai ya kiyaye hujjarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ya kamata a rubuta ranar haɗari da wurin da ya auku da sunayen waɗanda suka gani, a adana katin asibiti da rasiɗin magani da takardar albashi, a kuma sanar da mai aikin a rubuce. Kada kunya ko tsoron kora su sa a yi shiru har wa'adi ya wuce. Kada kuma a dangwala hannu a takardar da ba a san abin da ke cikinta ba, sai an sami amintacce ya karanta.

Idan rasuwa aka yi, jarrabawa takan koma cikin gida. Sau da yawa matar tana cikin takaba, sai wani daga cikin dangin miji ya karɓe takardu da sunan shi ne babba, kuɗi su fito, marayu ba su gani ba. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta bayyana cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu. Diyya ta shari'a gado ce, ana raba ta bisa farilla, mace kuwa tana da rabonta a ciki. Sayyadina Umar da kansa ya kasance yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyanu ya shaida masa cewa Annabi ya rubuta masa ya ba matar Ashyamu rabonta daga diyyar mijinta, sai ya koma ga hadisi. Kuɗin wata-wata da hukuma ta yanka wa matar da 'ya'ya da sunansu kuwa, malamai da yawa suna ganin na waɗanda aka ambata ne, domin sharaɗin mai bayarwa ake bi. Inda aka sami ruɗani, sai a kai wa alƙali ko malami masani tun kafin zumunci ya ɓaci.

WAƊANDA BA SU CIKIN KOWANE LITTAFI

Mafi yawan masu aikin ƙarfi a ƙasar nan ba su da takardar ɗaukar aiki, sunansu ba ya cikin rajistar kowa: ɗan dako, da yaron mota, da mai haƙar rijiya, da mai fasa dutse, da yarinyar da ke aikatau. Mai duba ma'aikata na gwamnati ba lalle ya iso inda suke ba, amma mala'iku masu rubutu suna nan. Maigidan da yaronsa ya ji rauni a kan aikinsa, mafi ƙarancin abin da mutunci da addini suke nema gare shi shi ne ya ɗauki nauyin magani har a warke, kada ya yanke masa abin da ya saba ba shi muddin yana kwance, in ya tashi da naƙasa ya nema masa aikin da zai iya ko ya ba shi jari. Ƙungiyoyin sana'a, na magina da makanikai da direbobi da 'yan dako, su ware wani abu daga kuɗin da suke tarawa saboda irin wannan rana. Masu fitar da zakka su tuna cewa magidancin da rauni ya zaunar ya shiga sahun matalauta, wanda ya ci bashin magani kuma ya shiga sahun mabarta da ayar zakka ta ambata. Limamai kuma su sanar da jama'a waɗannan wa'adodi a kan mumbari, domin sanar da mutum haƙƙinsa sadaka ce.

A cikin hadisin mutum uku da dutse ya rufe wa bakin kogo, ɗayansu da abin da ya yi tawassuli shi ne ladan wani ɗan ƙwadago da ya tafi ya bari, ya juya masa shi har ya zama garken dabbobi, ranar da ya dawo ya miƙa masa duka bai rage komai ba. Da wannan aiki Allah Ya kammala buɗe musu kogon. Muslimu kuma ya ruwaito cewa matsiyaci na gaskiya shi ne wanda zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya zubar da jinin wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare, sa'an nan a ɗebo zunubansu a ɗora masa. Kowane mai ɗaukar ma'aikata yana tsakanin waɗannan mutum biyu, ya duba wanda yake so a tashe shi tare da shi, tun leburan nan yana da rai ana iya neman sa a biya shi.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wajen neman halali, Ya raya marayunsu, Ya ba masu hali da masu mulki ikon sauke haƙƙin na ƙasa da su. Allah Shi ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya, amin.